Ƙusar Inna Baturiya

Da an idar da sallar asuba, kafin matan unguwa su gama hura wutar koko, Inna Baturiya ta riga ta ɗaura zanin aikinta ta zaga bayan ɗaki. A can lambunta yake, in dai za a kira shi lambu, domin faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarmi uku zuwa huɗu ba, kuma babu ko tsiro ɗaya da ke cikin ƙasar gidan. Komai a roba yake zaune. Zogale a tsohon bokitin fenti, attaruhu a rabin jarka, na'a-na'a a robar bota, ɗoɗɗoya a robar man shafawa, yabanyar tumatir kuma a gindin gorunan lemo da ta jera a kan katanga. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya da wata gora mai hudajjen murfi, tana yayyafa musu ruwan da aka wanke hatsi da shi jiya, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Wanda ya miƙe ta sa masa albarka. Wanda ya langaɓe ta tambaye shi abin da aka yi masa da zai ɓata rai tun da sassafe.

Haka mutanen garin Ƙofa suka san ta fiye da shekara ashirin. Hantsi na ɗagawa sai ta saɓa buhu a kafaɗa ta shiga gari, gida-gida, ta yi sallama, a gaisa, a tambayi yara da mai gida da gajiya, sannan ta kawo tambayarta da kowa ya haddace:

"To, akwai wadda ta gama aiki?"

Robar da abin cikinta ya ƙare take nufi. Matan gida su yi dariya, su shiga lalube a bayan randa da ƙarƙashin gado, su fito mata da abin da ya samu. Bayan kwana biyu sai ta dawo da su sun zama wani abu dabam. Wuyan gora ya zama mazurarin ɗura mai. Jarka mai hannu, an yanke ta a karkace, ta zama abin kwasar shara. Robar madara ta zama gidan gishiri, ta sabulun wanki ta zama mazubin ruwan kaji, an yi mata 'yar taga yadda 'yan tsaki za su sha ba su faɗa ciki ba. Da bazara, in zafi ya kai inda ganye ke naɗewa, ita ce ta koya wa matan unguwa su huda gindin gora da allura, su binne ta a gefen gwanda ko gwaiba, su cika ta da ruwa su rufe, ta yi ta ɗiga wa saiwa a hankali har gobe. Abin da aka ba ta, ta karɓa ta yi godiya, ko ɗan gero ne ko ƙullin daddawa. Wadda ba ta da abin bayarwa kuwa ita ce ma takan sami robar da ta fi kyau.

Ni dai na daɗe ina jin haushin yadda muke da roba a ƙasar nan. Mu sha, mu lashe, mu wurgar a kwata, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shigo mana tsakar gida, sannan mu fito ƙofa muna neman wanda za mu zaga. Akwai lokacin da 'yan gari ke kiran matar nan "Inna Bola" a bayan idonta, suna ganin tsufa ne ya fara taɓa ta. Yau da wuya ka shiga gida a layinsu ba ka ga aikin hannunta a madafa ko a akurki ba.

Duk wannan ya isa a yi mata jinjina, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙusarta.

Ƙusa ce doguwa, maƙeri ya sa mata ƙotar icce, kullum tana soke a bakin buhunta. Duk robar da ta shigo hannun Inna Baturiya sai ta buɗe murfin, ta kai hanci, ta juya ta ta duba gindi da gefe. In ta abinci ce ko ta sabulu, ta shiga buhu. In kuwa ta maganin feshi ce, na ciyawa ko na ƙwari, irin wanda manomanmu ke saye jarka-jarka da zarar ruwa ya sauka, to nan take za ta nemi murhun gidan, ta tura ƙusa cikin garwashi, ta jira ta yi ja, ta huhhuda gindin robar a gaban mai ita. Ba ta neman izini. Irin waɗannan ba ta shuka ko ganyen miya a cikinsu. Takan cika su da yashi ta jera a bakin kwazazzabon da ke cin hanyar gona, can nesa da rijiya.

Baƙo zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. To, ya sani cewa robar maganin feshi ita ce sarauniyar robobi a ƙauye. Ga kauri, ga murfi mai kama baki gam, ga hannu mai daɗin riƙo, ba ta fashewa ko ta faɗo daga kan babur. Mutumin da ya saye ta da guminsa, in maganin ya ƙare, zuciyarsa ba ta yarda ya yar. Sai a wanke ta da toka da ruwan zafi, a jiƙa tsamiya a ciki ta kwana, a shanya a rana, a shinshina a ce ai ta fita. Daga nan ta zama ta kai ruwa gona, ko ta kunun yara, ko ta man gyaɗa. Tattali ne irin wanda aka raine mu da shi, sai dai a nan ya ɓata hanya.

Ita ma Inna Baturiya ta taɓa yin haka. Tana da wata jar akuya mai ciki, wadda take ji da ita. Ta sami robar maganin ƙwari, ta wanke ta da hannunta har sai da ta gamsu, ta yanke ta ta dinga zuba wa akuyar ruwa a ciki. Ba a jima ba akuya ta fara dalalar da miyau, ta kwanta, ba ta tashi ba. Da malamin gona ya zo zagaye ta kai masa robar ta tambaye shi, shi kuma bai raina tambayarta ba, ya zauna ya yi mata bayani. Ya ce jikin roba yana shan maganin, wanki rage shi kawai yake yi, abin da ya saura kuma yana fitowa a hankali. Ya ce wani sa'in ba ya kayar da mutum nan take, sai ya yi ta cin jiki a ɓoye, don haka abin da ya fi shi ne a ɗauraye ta a gona a huda ta, kada ta sake riƙe komai. Ta ce, "Malam, hudawa kawai?" Ya ce, "Hudawa kawai, Inna." Washegari ta je wajen maƙeri.

Ta sha zagi a kan wannan ƙusa. Malam Badamasi, wanda ke noman masara da shinkafa ta wajen Bagauda, ya ba ni labari da bakinsa cewa ranar da ta huda masa jarka a zaurensa sai da ya bi ta har bakin titi yana faɗa. "Na ce mata, Inna, ke kika saya mini? Ta ce a'a, amma ni zan zo gaisuwa in ta yi aikinta, kuma ƙafata ba ta son yawan zuwa gaisuwa." Da yamma sai ga ta da wata wankakkiyar jarkar man gyaɗa, ta ajiye masa a ƙofa ta tafi. Haka take yi, duk wadda ta huda sai ta nemo mai tsabta ta maye gurbinta, ko da ta ɗakinta ce. "Yanzu tun a gona nake hudawa da kaina," in ji Malam Badamasi. "Ba wai hankali na ƙara ba, ba na son ta zo ta same ni da ita ne."

Zagi irin wannan ba ya hana ta barci. Abu ɗaya ne ƙusar ta ci mata wanda ya yi mata ciwo har cikin rai, shi ne amincinta da Dije.

Dije Bafulatana ce, rugarsu na can ta hanyar Kwanar Dangora. Tun suna amare suka haɗu, ita tana kawo nono gari, Inna Baturiya tana yin furar sayarwa. A gidan Inna Baturiya Dije ke sauke ƙwarya ta yi sallar azahar ta miƙe ƙafa. Dije ta kira ta "Kaɗo", Inna kuma ta ce mata "'yar daji", su yi ta tsokanar juna har la'asar. Lokacin da mijin Inna Baturiya ya rasu, Dije ce ta bar shanu da yara ta zo ta zauna da ita a kwanakin farko na takaba. Lokacin da Dije ta haifi autarta Bushira, bayan ta binne 'ya'ya biyu a jere, Inna Baturiya ce ta tare a ruga tana dafa mata ruwan wankan jego. A bakin Bushira, Inna Baturiya "Goggo" ce.

Da Bushira ta tashi aure, wani ɗan kasuwar hatsi na Kwanar Dangora ta samu, mutumin gari, mai dangi da yawa masu sa ido. Dije ta ƙudurta a ranta cewa ranar kai gara sai dangin ango sun san 'yar masu shanu suka ɗauka. Shinkafa da taliya kowa na iya saye a kasuwa, amma man shanu na gida, soyayye da albasa, wanda uwa ta tara da hannunta, wannan shi ne mutuncin Bafulatana a gidan surukai. Tun kaka ta fara tarawa. Ta hana kanta, ta hana kasuwa, kullum ta kaɗa nono ta kwashe mai, ta soya ta tace, har ya cika galan biyu manya. Su galan ɗin wani manomi da suke kai wa shanu su kwana a gonarsa saboda taki ya ba ta, farare tas, ya ɓare takardar jikinsu. Ta wanke su da toka, ta jiƙa tsamiya, ta shanya. Babu abin da ta rage cikin abin da ta sani.

Humaira, matar ɗan Inna Baturiya, ita ce ta raka ta ruga ana gobe kai gara, kuma daga bakinta na ji abin da ya faru. Ta ce sun isa da hantsi, mata cike da wuri, ana suya ana ƙulla kaya. Dije ta tare su da murna, ta ja hannun aminiyarta zuwa bukka don ta nuna mata abin da ta tara. Bazara ce, man ya narke ya yi garau a cikin galan.

"Kaɗo, zo ki ga abin da ba a saye a kanti," in ji Dije.

Humaira ta ce tana kallon fuskar Inna lokacin da murmushin ya ɗauke. Inna Baturiya ba ta karatun boko, amma ta san irin wannan galan kamar yunwar cikinta, ga layin awo a gefe, ga wasu haruffa da suka taso a jikin robar waɗanda ɓare takarda ba ya gogewa. Ta durƙusa ta kwance murfi, ta shinshina cikin murfin.

"Dije, ina kika samo waɗannan?"

"Ba ni aka yi. Na wanke su, kada ki fara."

"Na maganin feshi ne."

"Na ce miki na wanke. Da toka, da tsamiya, da rana. Ki shinshina man, kin ji wani abu?"

"Tun yaushe yake ciki?"

"Tun sanyi."

Inna Baturiya ta rage murya don kada matan waje su ji. Ta ce, "'Yar'uwa, ki ji ni. Bushira ce za ta ci man nan, ita da mijinta, safe da yamma har ya ƙare. In Allah ya kawo rabo, da shi za ta yi laulayi. Ki bar shi. Zan koma gari yanzu in nemo miki wani."

"Ki nemo a ina? A kasuwa?" in ji Dije. "In kai wa 'yata man kasuwa, a gaban mutanen da ke jiran su ga abin da za mu kawo? Wata nawa ina tara shi, Baturiya. Ni na raini yarinyar nan, ba zan ba ta abin da zai cuce ta ba. Rufe ki taso, ana jiranmu."

Ta fita ta bar su a ɗakin. Inna ta zauna tana jujjuya murfin a hannu, har Humaira ta yi zaton ta haƙura. Can sai ta ce, "Humaira, ɗauki ɗaya." Suka fito da galan biyun ta bayan bukka, inda akwai murhu da sauran garwashi. Ta zaro ƙusa daga ƙugunta, don ranar ba ta zo da buhu ba amma ba ta bar ƙusa a gida ba, ta tura a wuta. Humaira ta ce, "Inna, ki yi wa Allah ki bari a sake magana." Ta ce, "An gama magana. In na bari, gobe yana cikin mota." Ta huda na farko, ta huda na biyu, man ya tsiyaye, busasshiyar ƙasa ta shanye shi suna kallo. Ta sa ƙafa ta tura yashi a kai saboda kaji da karnuka.

Dije ta zagayo ta same su a haka. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta yi zagi ba. Ta kalli ƙasa, ta kalli aminiyarta, ta ce, "Kin gama?" Inna Baturiya ta buɗe baki za ta yi magana, Dije ta ce, "Ki ɗauki surukarki ku kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba."

An kai gara babu man shanu. Inna Baturiya ta koma gari a ranar, ta bi gidajen da ta sani ta harhaɗo abin da ya samu a kwalabe, ta aika Humaira da su, Dije ta mayar ba ta ko buɗe ba. A gidan ango kuwa aka sami wata 'yar'uwar ubansa mai kaifin baki ta leƙa kayan, ta ce a gaban jama'a, "Ashe shanun nasu na ado ne." Maganar ta zaga ta dawo kunnen Dije, ta zauna mata a zuciya.

Ina so mai karatu ya tausaya wa Dije, don ni ina tausaya mata. Matar nan ba mugunta ta yi ba. Wahalarta ta watanni aka zubar a gaban idonta, kuma babu wanda zai iya nuna mata abin da aka tsare ta daga gare shi. Nan ne nauyin aikin Inna Baturiya yake. Ungozoma in ta yi aiki ana ganin jariri, makanike in ya yi aiki ana jin mota ta tashi, ita kuwa in aikinta ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Bushira ta zauna lafiya ta haihu lafiya, sai masu magana suka ce, to ai da ma ko an ci man babu abin da zai faru. Wa zai ce musu ƙarya suke? Allah kaɗai ya san abin da ke cikin galan ɗin nan, ita dai Inna ba ta yarda a gwada a jikin Bushira ba.

Dije ta daina sauke ƙwarya a gidan, ta ma canza unguwar da take bi da nononta. Inna Baturiya ta taka har ruga aka ce mata ba ta nan, alhali ga takalmanta a ƙofar bukka. Ta sake komawa bayan sallah, Dije ta hango ta ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Daga nan ta haƙura da zuwa, amma ba ta haƙura da jira ba. Humaira ta ce duk ranar da masu nono suka shigo layin suna talla, sai Inna ta tsayar da abin da take yi ta kasa kunne, ta ji ko akwai muryar da ta sani. In babu, ta ci gaba da yankan robarta. Bushira ta haifi na fari, ba a aiko mata goron suna ba. Ta yaye shi ta yi na biyu, har ta yi na uku. Ita Bushirar takan saci hanya in ta zo ganin gida, ta leƙo ta gaida Goggonta, ta ce, "Goggo, ki ƙara haƙuri, Nene tana nan da abinta," wato mahaifiyarta. Inna ta ce, "Tana da gaskiyarta. Jikinta dai lafiya? Tana cin abinci?"

Inna Baturiya, ke ce kika ɗauki wannan kaya shekara da shekaru ba ki kai ƙara wajen kowa ba. Ke ce ba ki taɓa tsayawa a tsakar gidan wani kin ce a zo a ji abin da kika yi ba, ni ma sai da na bi ta wajen surukarki na sami labarin. Mai mayar da juji lambu, ke ce duk da abin da ƙusar nan ta jawo miki ba ki ajiye ta ba. Washegarin ranar da kika dawo daga ruga, idonki a kumbure, kin saɓa buhunki kin shiga gari kamar kullum.

Bana gwiwa ta ce ta gaji. Tun farkon damina Inna ta daina fita. Daga ɗaki zuwa inuwar darbejiyar tsakar gida, nan ne iyakar tafiyarta, lambun ma Humaira ce ke shayarwa, ita tana zaune tana ba da umarni. Mata suka shiga zuwa dubiya, kowace da 'yar robarta a hannu, wai kada Inna ta zauna babu abin yi. Labari ya bi masu nono ya isa ruga.

Wata rana bayan azahar, Humaira na tankaɗe, sai suka ji sallama daga zaure. Inna Baturiya ta amsa kafin Humaira ta ɗago kai. Dije ce, ta rame, ta ɗan ranƙwafa, tana dogara sanda. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi, ta je ta zauna a gefen ta Inna. Suka yi gaisuwa mai tsawo, irin ta mutanen da ke tsoron abin da zai biyo bayan gaisuwa, ina gajiya, ina shanu, ina yara, ina damina, ina jiki, aka sake komawa kan shanu.

"Cewa aka yi kin zauna," in ji Dije. "Na ce bari in zo in gani da idona, don ban taɓa ganin ki a zaune ba."

"Ga ni kuwa. Ƙafa ta ƙi."

"Ni kuma ido ne. Sai abu ya matso nake gane shi." Ta murza bakin mayafinta. "Na daɗe ina jira ki ba ni haƙuri, Kaɗo."

"Na je, kika shige ɗaki."

"To ai ga shi na fito."

Humaira ta ce ta ajiye rariya ta rasa ko ta tashi ko ta zauna. Inna Baturiya ta juyo sosai ta fuskanci aminiyarta, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba.

"Dije, ki yi haƙuri da manki. Na san yadda kika tara shi, na san abin da aka faɗa miki a gidan surukai, kuma ni na jawo miki. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ki yafe mini don Allah. Amma ba zan yi miki ƙarya da furfura a kaina ba. Da yau zan sake ganin man a wannan galan, sai na sake hudawa."

Dije ta jinjina kai. Sannan ta ce, "Na sani. Duk hanya ina cewa a raina, in ta ce mini ta yi nadama zan tashi in tafi, don na san ba ita ba ce." Ta miƙa hannu tana lalube har ta kama na Inna ta riƙe. "Na yafe. 'Ya'yan Bushira uku, kullum in na kalle su sai in ji haushinki, in kuma gode wa Allah, na rasa wanne zan bari. Na gaji da riƙe biyun. Matsa mini, kin cinye tabarmar."

Ba ta koma ruga a ranar ba, sai washegari.

Jama'ar Bebeji da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, duk inda ake saɓa injin feshi a baya, ku sani buhun Inna ya sauka, yanzu babu mai zagayawa gida-gida a madadinmu. Robar da ta ƙare a gidanku ku dube ta kafin ku wurgar, wataƙila gidan attaruhu ce. Wadda ta ɗauki maganin feshi kuwa, komai kyanta, ku ɗauraye ta a gona ku huda ta a can, kada ta ga ƙofar gida. In kun gan ta a hannun maƙwabci da ruwan sha a ciki ku yi magana, ko da zai ɓata rai. Ɓacin ran yana iya daɗewa, ba zan ɓoye muku ba.

Mun gode, Inna Baturiya. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya sa abin da kika tsare mu daga gare shi, wanda ba mu gani ba kuma ba za mu taɓa gani ba, ki tarar da ladansa a mizani. Kin yarda ki rasa aminiyarki don kada ita ta rasa 'yarta, kuma Allah bai bari kin rasa ta ba. Ya bar ku tare, ke da Dije, iya sauran kwanakin da ya ɗibar muku.